Haƙƙin Hanya Tsakanin Mai Kare da Mai Wucewa

Tun kafin a shimfiɗa kwalta a ƙasar Hausa, Bahaushe ya san cewa hanya ba gadon gidan kowa ba ce, saboda haka ya tanadar mata ladubba da kalmomi na musamman. Mai jaki in ya yi lodi ya shigo lungu, tun daga nesa ake jin "gafara dai, gafara dai", domin mata su janye yara, masu talla su gyara zama. Makiyayi in zai ratsa gari da shanu yakan sa kansa da sandarsa tsakanin garke da jama'a. Mahayin doki kuwa yakan ja linzami in ya hango tsoho, ko da shi ɗan sarki ne. Ba wanda ya rubuta waɗannan ƙa'idoji, amma duk wanda ya duba zai ga tushensu ɗaya ne, watau wanda ya fito da dabba shi ke da alhakin fara neman hanya, domin shi ya san halin abin da yake ja. Wannan ɗan rubutu labari ne na yadda wani dattijo ya je ya tarar da wannan tsohuwar ƙa'ida a birnin Landan, inda dabbar da ake fitowa da ita kan hanya safe da yamma ita ce kare.

Dattijon tsohon malamin makaranta ne daga wani gari a ƙasar Zazzau. Ya yi shekara 35 yana koyarwa, rabinsu yana shugabancin makarantar firamare, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutanen garin, yaro da babba ba a ce masa komai sai Hedimasta. A watan Oktoba na 2023 ya tafi Ingila wajen babban ɗansa da yake aiki a can, domin an yi masa jika na biyu. Gidan yana gabashin Landan, tsakaninsa da masallaci tafiyar minti 15 ce a ƙasa. Hedimasta kuwa mutum ne da bai saba da zaman ɗaki ba, don haka tun a makon farko ya haddace hanya ya daina jiran rakiya.

Abin da ya fara ba shi sha'awa shi ne gefen titi. A kowane ɓangare na kwalta an ɗaga wani ɗan dakali mai faɗin kamar mita 2, an daɓe shi, an bar wa masu tafiya a ƙasa. Babu ɗan acaɓa a kai, babu teburin mai shayi. Abu na biyu kuwa bai ba shi sha'awa ba ko kaɗan. Da wuya ya yi taku ɗari bai yi kiciɓis da wani yana jan kare ba, wani ƙarami kamar kyanwa, wani kamar ɗan maraƙi, wani har da 'yar rigar sanyi. An ƙiyasta karnukan Birtaniya sun haura miliyan 10, mafi yawansu a ɗaki suke kwana, kuma da yake gidajen birni ba su da tsakar gida mai faɗi, tilas a fito da su kullum su miƙe ƙafa su yi bahaya. A garinsu Hedimasta aikin kare biyu ne, gadi da farauta. A waje yake kwana, ƙanzo yake ci, sunansa ma zagi ne. Bai taɓa ganin wanda ya yi wanka ya sa tufafi ya fito takanas domin ya zaga da kare ba.

Ranar Juma'a ta uku da zuwansa, bayan an kwana ana yayyafi, ya ɗora farar babbar rigarsa a kan rigar sanyi ya kama hanyar masallaci. A wata kwana kusa da wani filin shaƙatawa sai ga wata Baturiya, dattijuwa, tana tafe da wani kare mai ruwan ƙasa, mai yawan gashi. Igiyar da ke hannunta irin wadda take warwarewa daga cikin mariƙinta ce, tana kai mita 5, saboda haka karen ya riga ta shan kwana, igiyar kuma ta gitta gefen titin daga bango har bakin kwalta. Hedimasta ya ja ya tsaya. Karen ya ɗago kai ya nufo shi. Nan take jikinsa ya yi abin da ya saba yi tun yana yaro, ya sunkuya kamar zai ɗauki dutse. Duk karen da ya tashi a ƙasar Hausa ya san ma'anar wannan sunkuyo, kafin hannu ya taɓa ƙasa ya bar unguwa. Amma wannan kare bai taɓa shan jifa ba. A iya saninsa, in mutum ya sunkuya ya miƙe da hannu a sama, ƙwallo za a jefa masa ya ɗauko. Sai ya yi tsalle da murna, ya ɗora ƙafafunsa biyu na gaba, dumu-dumu da taɓo, a ƙirjin farar riga.

Hedimasta ya daka tsawa, ya ja da baya har ƙafarsa ɗaya ta faɗa kwalta, wata mota ta danna masa ham. Baturiyar ta iso tana naɗe igiya tana cewa ai ba ya cizo, wasa kawai yake so. Sa'an nan fuskarta ta sauya, ta tambaye shi da kakkausar murya ko jifan karenta ya yi niyyar yi. Turanci bai taɓa gagarar Hedimasta ba, shi da ya koyar da shi shekara da shekaru, amma a wannan lokaci ko kalma ɗaya ta ƙi fitowa. Ya juya gida ya sake riga, kafin ya isa masallaci an sallame.

Da dare ɗan ya ji labari, ransa ya ɓaci, ya ce, "Baba, ai ƙasar nan da doka. In ka yarda, gobe sai mu kai ƙara." Ya shiga lissafa masa dokokin ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'ida ta 56 a kundin ƙa'idojin hanya na ƙasar ta umarci a riƙe kare da gajeriyar igiya a gefen titi. Dokar 1991 game da karnuka masu haɗari ta mai da shi laifi mutum ya bar karensa ya fi ƙarfinsa, kuma ba lalle sai ya yi cizo ba, ya isa in ya sa wani ya ji tsoro mai dalili cewa za a ji masa rauni. In karen ya raunata mutum, mai shi yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5, in ya kashe kuwa, shekara 14. Duk karen da aka fito da shi sai da abin wuya mai ɗauke da sunan mai shi da adireshinsa, kuma tun 2016 sai an dasa masa wata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Wanda karensa ya yi kashi a hanya bai kwashe ba, ƙaramar hukuma tana cin sa tara nan take, in an je kotu tarar tana iya kai fam 1,000. A daidai wannan lokaci ma zancen da ya cika rediyo da talabijin shi ne na wani irin ƙaton kare da ake kira XL Bully, wanda gwamnati ta yanke cewa daga 31 ga Disamba 2023 ba za a fito da shi a Ingila da Wales ba sai da igiya da takunkumi.

Hedimasta ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce a bar maganar ƙara. Ya daɗe yana shari'a tsakanin yara, ya san bambancin mai mugun nufi da mai sakaci. Ban da haka, in hukuma ta tambaye shi me ya sunkuya zai ɗauka, ba shi da amsar da za ta fisshe shi.

A masallaci wani ɗan Somaliya da suka saba gaisawa ya ba shi shawara ya wanke rigar sau 7, ɗaya da ƙasa, domin haka mazhabarsu ta Shafi'iyya ta koyar. Hedimasta ya yi godiya, amma ya san cewa a Malikiyya, wadda a kanta ya tashi, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau 7 bin umarni ne kawai. Watau da ya ga dama da ya goge taɓon ya wuce ya sami sallarsa. Wannan ya dame shi fiye da ɓacin rigar, domin ya nuna masa cewa tsoro da kunya ne suka mai da shi gida ran nan, ya kuwa so ya ɗora wa tsarki laifin.

Tsoron yana da asali. A farkon shekarun aikinsa, a wata makarantar ƙauye, kare ya ciji wani ɗalibinsa ɗan aji uku a ƙwauri, a hanyar zuwa makaranta. Ciwon bai yi zurfi ba, aka sa magani a gida, ya warke, aka manta. Bayan kamar wata biyu yaron ya fara zazzaɓi da firgita. In an kawo masa ruwa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture ƙwarya yana kuka, alhali ƙishirwa tana cinsa. Bai yi mako ba ya rasu, Hedimasta yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Sai daga baya ya koyi cewa da an wanke wurin cizon da sabulu da ruwa na minti 15, aka hanzarta kai yaron aka yi masa allurar rigakafi, da wuya cutar ta kama shi, amma da zarar alamunta sun bayyana, sai dai addu'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Asiya da Afirka, kaso mai yawa kuma yara ne. Birtaniya kuwa ta kawar da cutar daga karnukanta tun 1922. Ke nan wannan Baturiya ta girma har ta tsufa ba ta taɓa ganin abin da ya gani ba. Sa'ad da ta ce ba ya cizo, gaskiya ta faɗa gwargwadon saninta, sa'ad da ya sunkuya kuma, abin da rayuwa ta koya masa ya yi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Ya yi kwana 6 bai fita ba, yana fakewa da sanyi. Jikarsa ta fari, 'yar shekara 6, wadda yake kira amarya, ita ta gano shi, ta riƙa tsokanarsa tana cewa, "Ashe angon nawa kare yake tsoro?" Ita ce kuma ta koya masa abin da aka koya musu a makaranta: in baƙon kare ya nufo mutum, kada ya gudu, kada ya yi ihu, kada ya ɗaga hannu, ya tsaya cak kamar itace, ya naɗe hannuwa, ya kau da ido, karen zai shinshina ya gaji ya wuce. Uwarta ta ƙara da cewa ba a taɓa karen wani sai an tambayi mai shi, ba a kuma ba shi abinci, kuma in an ga ƙyalle mai ruwan ɗorawa ɗaure a igiya, alama ce ana roƙon a ba karen fili, ko dai ba shi da lafiya ko mai firgita ne. Ashe mai wucewa ma akwai abin da yake kansa.

Sauran karatun a bakin taga ya yi shi. Ya zauna kamar yadda a da yakan zauna a bayan aji yana duba sabon malami, ya ga masu karnukan iri biyu ne. Akwai mai tafiya ido a kan waya, igiya ta yi tsawo ta tare hanya, mai keken jariri ta tsaya tana jira, tsoho mai sanda ya sauka kwalta. Akwai kuma wani tsoho mai hular ulu da yakan wuce da misalin ƙarfe 8 na safe. Da zarar ya hango mutum sai ya naɗe igiya a hannu har karen ya manne da ƙafarsa, ya mai da shi ɓangaren bango, ya sa jikinsa tsakanin kare da mai wucewa. In wurin ya yi ƙunci sai ya umarci karen ya zauna har a wuce. Leda kuwa ba ta rabuwa da aljihunsa. In karen ya yi bahaya ya sunkuya ya kwashe, ko da ba mai ganinsa. Hedimasta ya gane wannan tsayuwa sarai, tsayuwar makiyayi ce tsakanin garke da jama'a. Ya ce a ransa, wannan tsoho da a garinsu yake, da "gafara dai" zai riƙa faɗa.

Ranar da ya koma fita ya ga abin da ya ƙara sassauta zuciyarsa. A mahaɗar titi wani makaho yana tsaye riƙe da mariƙin da aka ɗaura a bayan wani kare. Karen ya tsaya daidai bakin kwalta, ya jira, ya ratsa da shi, ya kauce wa wani turken fitila, bai kula kowa ba. Tun 1931 ake horar da irin waɗannan karnuka a Birtaniya, kuma ladabin da ake nema daga mai wucewa shi ne kada ya kira su ko ya shafa su, domin suna bakin aiki. A 2008 har wani masallaci a birnin Lesta ya keɓe wa irin wannan kare wurin jira a ƙofar shiga, domin wani saurayi makaho ya riƙa samun jam'i. Hedimasta ya tuna yara nawa ya bi har gida yana roƙon a sa su makaranta, aka ce ba hali, su ne 'yan jagoran kakanninsu.

Bayan mako biyu suka sake haɗuwa da Baturiyar a wannan kwana. Ya tsaya cak, ya naɗe hannuwa kamar yadda amaryarsa ta koya masa, karen ya shinshina bakin rigarsa ya koma. Sa'an nan ya gaishe ta, ya ce yana da magana. Ya gaya mata cewa ran nan babu ma dutse a wurin, a ƙasarsu haka ake korar kare. Ya ba ta labarin yaron a taƙaice. Ya ce, "Baiwar Allah, kin ce ba ya cizo, na kuwa yarda. Amma ban taɓa kwana gida ɗaya da shi ba, igiyar kuma a hannunki take." Ta yi shiru na ɗan lokaci. Ta ce karen na mijinta ne, ya rasu shekara biyu da suka wuce, yanzu daga ita sai shi a gidan. Da ta ga mutum ya sunkuya ya ɗaga hannu, ba abin da ya zo mata sai cewa za a cuci abin da ya rage mata. Ta ba shi haƙuri game da rigar, ta nemi ta biya kuɗin wanki, ya ce a'a. Ya tsaya ya yi mata ta'aziyya sosai kamar yadda ake yi a gida, abin ya ba ta mamaki, domin an daɗe da daina yi mata.

Ba za a ce sun zama abokai ba. Bai taɓa shafa karen ba har ya bar ƙasar, gabansa kuma bai daina faɗuwa ba. Masu tafiya ido a kan waya ma ba su sauya hali ba. Amma ita, in ta hango hularsa, sai ta janyo igiya ta koma jikin bango. Shi kuma ya daina tsallaka titi in ya gan ta, domin ta gaya masa hakan yana sa ta ji kamar wadda ake ƙyama. Sai ya wuce a natse ya gaishe ta, ta amsa. Duka abin bai fi daƙiƙa goma ba.

Dokokin da ɗan ya lissafa suna da amfaninsu, sai dai mafi yawansu bayan ɓarna suke aiki, kuma babu ɗan sandan da zai tsaya a kowace kwana yana auna tsawon igiya. Ladabi ne kaɗai yake iya raba hanya mai faɗin mita 2 tsakanin mutum biyu da dabba. Nauyin kuma bai zo daidai ba, na mai igiya ya fi yawa, domin shi ya zaɓi ya fito da kare, mai wucewa bai zaɓi ya haɗu da shi ba. Har wa yau mai igiya ba shi da hanyar sanin wanda ke tahowa, ko mai alwala ne, ko wanda aka taɓa ciza, ko tsohon da turi kaɗan zai kayar. Saboda haka cewa kare ba ya cizo ba ta sauke masa nauyin rage igiya. Mai wucewa kuma abin da ke kansa shi ne kada ya mai da tsoronsa wulaƙanci, domin dabbar da yake gani a matsayin ƙazanta mai yiwuwa ita ce abokiyar zaman wani, ko kuwa idonsa. Hadisi ya lissafa kame cuta daga mutane a cikin haƙƙoƙin hanya, ya kuma ƙidaya kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani. Ledar da ke aljihun tsohon nan mai hular ulu, ko ya sani ko bai sani ba, aikin da take yi ke nan.

A watan Janairu na 2024 Hedimasta ya dawo gida. Kwana kaɗan da dawowarsa ya tarar da yara suna jifan karen wani mafarauci da ke kwance a inuwa bai kula kowa ba, ya tsaya ya yi musu faɗa, abin da a da yakan wuce bai ko waiwaya ba. Wata rana kuma ya shiga Zariya wata sabga, a wata sabuwar unguwa da ba ta da gefen titi, ya ga wani saurayi yana jan ƙaton karen Turawa da doguwar sarƙa. 'Yan makarantar Islamiyya da aka taso suna ta watsewa, wata har ta faɗa kwata da allonta, shi kuwa yana dariya. Hedimasta ya sa aka tsayar da mota, ya leƙo ya ce, "Kai samari, naɗe sarƙar nan ka koma jikin bango, ka bar yara su wuce."

Saurayin ya ce, "Baba, ai ba ya cizo."

Hedimasta ya ce, "Kai ka sani. Su ba su sani ba."